Yadda ake sayen tsohuwar jarkar mai ta soja da yadda ake tafiyar daji da ita

Duk wanda yake shiga hanyar da babu gidan mai, ko dajin Yobe ne ta wajen Yusufari, ko daga Zinder ka nufi Tanout ka wuce Agadez, ko kuma ka kutsa Tenere wajen Dirkou da Bilma, ya san tankin mota kaɗai baya kai mutum. Dole sai da jarka. Mutane da yawa kuma jarkar man gyaɗa suke ɗauka, wannan rawaya ta roba, su cika ta da fetur su toshe bakin da leda. Wallahi raina baya so in ga haka, domin robar nan ba don fetur aka yi ta ba, rana na dukanta sai ta kumbura, murfin ya fara tsiyaya, gargada kuma ta goge gindinta har ya huje. Jarkar ƙarfe ta soja ita ce aka ƙera musamman don wannan wahalar. Jamusawa ne suka fito da ita a 1937, a yaƙin duniya na biyu Turawan Ingila suka gan ta a hamadar Libiya da Masar suka ga ta fi gwangwanin da suke zuba mai a ciki nesa ba kusa ba, suka kwaikwaya, har yau kuma sojojin NATO da ita suke aiki kusan ba a canza mata komai ba. Lita 20 take ci. Idan ka samu mai kyau ka kula da ita, sai ka gaji da ita ka bar wa ɗanka.

Kayan da za ka tanada

Tocila ƙarama mai haske sosai, don leƙa cikin jarka. Sabuwar robar murfi, ka sayi fiye da adadin jarkokinka. Omo da ruwa da bokiti. Noti da ƙananan kusoshi kamar cikin hannu biyu, ko guntun sarƙa. Ruwan kal idan akwai tsatsa. Sanfefa da burushin waya, da jan fentin nan na hana tsatsa da wani fenti na sama. Bututun zuba mai na ƙarfe wanda yake kama bakin jarkar, ko mazurari babba, da tiyo mai tsafta kamar mita biyu. Bel na ɗaure kaya mai ƙugiya, tsohon tiyub ko guntun kafet na shimfiɗawa. Farin ƙyalle na auduga don tace mai. Sai tukunyar kashe gobara mai hoda, wannan kam ba a tafiya babu ita, kuma a ajiye ta inda hannu zai kai ba a ƙarƙashin buhuna ba.

1. Ka fara lissafin jarka nawa kake buƙata

Kada ka je kasuwa sai ka san adadi. Ka ɗauki nisan da ke tsakanin gidan mai na ƙarshe da wanda ka tabbatar akwai mai a cikinsa, ba wanda aka ce maka “wataƙila” ba. Misali motarka tana shan lita 12 a kilomita 100 a kan kwalta. A burji ka ƙara mata kaɗan, a rairayi mai laushi kuwa inda za ka sa ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, ka rage iskar taya, ka lissafa kamar lita 20 ko ma fiye, don wani wurin ninkawa take yi. In tafiyar kilomita 500 ce a yashi, kaga lita 100 kenan. Sai ka ɗora kashi ɗaya cikin uku a kai saboda ɓatan hanya da kafewa da zagaye, ya zama wajen 135. Tankinka na cin 80, saura 55, jarka uku kenan. Wannan kashi ɗaya cikin ukun shi mutane suke yankewa don tsimi, kuma shi ne yake dawo da mutum gida.

Ka tuna da nauyi. Jarkar ƙarfe babu komai a ciki ta ɗan haura kilo 4, idan an cika ta da fetur wajen kilo 19, da gas kuma wajen kilo 21. Guda biyar sun kai kilo 100.

2. Gane ta gaske a kasuwa

Wajen 'yan gwanjo da masu kayan Beljiyam ake samunta, da kasuwannin kayan ƙarfe irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a Nijar kuma wajen masu kayan manyan motoci. Matsalar ita ce an cika kasuwa da kwaikwayo masu siririn ƙarfe da aka fesa wa koren fenti, daga nesa ba ka bambancewa.

Ta gaske hannunta uku ne a jere a sama, an yi haka ne don mutum ɗaya ya ɗauka ta tsakiya, mutum biyu su kama gefe da gefe, ko ka haɗa wofi biyu a hannu ɗaya. Jikinta ɓari biyu ne aka haɗa da walda ɗaya da ta zagaye ta tsakiya, kuma waldar a lotse take cikin ɗan kwari don kada ta gogu. In ka ga an naɗe bakin ƙarfen a gindi kamar na gwangwanin tumatir, ajiye musu kayansu. A gefenta akwai lotsawa mai kama da X ko makamancinta, ita ke ba ta ƙarfi kuma ta bar jikin ya ɗan buɗe ya koma idan zafi ya tashi. Murfin ba na murɗawa ba ne, na ɗagawa ne mai ƙugiyoyi biyu da suke danne shi, wasu da ɗan fil da ake zurawa don kada ya buɗe da kansa. In ka buɗe za ka ga ɗan bututun iska a cikin bakin, shi ne yake sa mai ya zuba sumul ba tare da ƙwal-ƙwal ba. Yawanci an buga shekarar ƙira da 20L a jikin ƙarfen, bugawa ba rubutun fenti ba. Na sojan Ingila za ka ga alamar kibiya. Sababbin ƙira masu inganci kuma suna da lambar UN da 3A1.

Ka ɗaga ta ka ji. Kwaikwayo sakayau take, in ka danna gefenta da babban yatsa sai ta lotsa ta yi ƙara.

Akwai ta sojan Amurka, bakinta faɗi ne mai murɗawa, tana cin galan 5 wato wajen lita 19. Ba laifi, sai dai ta fi saurin yoyo ta murfi kuma bututunta daban ne, don haka kada ka gauraya iri biyu in kana da zaɓi. Akwai kuma ta roba mai kauri ta soja, ƙirar Scepter ta Kanada, wannan ba ta tsatsa kuma tana da kyau ƙwarai in ka dace da ita, ba ta da alaƙa da jarkar man gyaɗa.

3. Binciken ciki, a nan ake cin riba ko a yi asara

Fentin waje ba ya gaya maka komai. Buɗe murfi ka shinshina tukuna. Warin tsohon fetur ko gas ba matsala. In ka ji warin maganin ƙwari ko sinadarin da baka gane ba, bar ta, don baka san abin da zai yi wa injinka ba. Sannan ka haska tocila, tocila fa, kada ka kuskura ka kunna ashana ko laita a bakin jarka ko da mai kayan ya rantse maka shekara goma ba a zuba mata komai ba.

Cikin ta gaske an shafe shi da wani fenti na musamman, ja-ja ko ruwan ƙasa. Abin da kake so ka gani shi ne fentin nan lafiya lau, santsi har gindi. Ɗan jan tsatsa sama-sama a wuri ɗaya ko biyu ana iya gyarawa. Amma in fentin yana ɓarewa yana zubowa kamar ɓawon gyaɗa, ko ka girgiza ka ji garin tsatsa na yawo, to wannan ita ce za ta toshe maka filta a tsakiyar daji, mai gas kuma ta kashe masa nozul. Ka karkata ta ka duba kusurwoyin gindi da kyau, nan ruwa yake kwanciya ya ci ƙarfe daga ciki.

Sai bakin. Ka zagaya yatsa a leɓen da roba take zama a kai, ya zama daidai babu lotsawa babu tsaga. Jarka mai lotsattsen jiki tana aiki, mai lotsattsen baki kuwa ko robar zinare ka sa mata sai ta yi yoyo. Ƙugiyoyin murfin su kama da ƙarfi, sai ka ɗan danna kafin su rufe. In ka ga tabon walda ko faci a jiki, an taɓa hujewa kenan, ni dai bana saye.

In an rubuta WATER ko Wasser a jikinta, ta ruwa ce, shafin cikinta daban, kada ka zuba mata mai. Haka wadda ta taɓa cin mai ba ta komawa ta ruwan sha har abada, komai wankin da ka yi mata.

4. Wanki da gyara

In cikin lafiya yake, zuba gas ko kananzir kamar lita ɗaya, rufe, girgiza sosai, juye a kan farin ƙyalle ka ga abin da ya fito. Ka maimaita har ya fito tas. Shikenan.

In akwai tsatsa, ka fara wanke ta da ruwan zafi da omo sau biyu ko uku har warin fetur ya tafi, saboda ƙarfe zai bugi ƙarfe a ciki kuma baka son tartsatsi inda tururin fetur yake. Sai ka zuba noti da kusoshin nan tare da ruwan omo ka yi ta girgizawa ta kowane gefe, aiki ne na gumi, in da yaro mai ƙarfi a gida ku karɓa-karɓa. Juye, ƙirga notinka su fito duka. Zuba ruwan kal ya rufe wurin tsatsar ya kwana, da safe ka ɗauraye da ruwa mai yawa. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne bushewa: ka kifa ta ruwan ya tsiyaye, sannan ka shanya ta a rana baki buɗe yini guda cur. Da ta bushe ka zagaya cikin da ɗan gas nan take, in ba haka ba sabuwar tsatsa za ta fito kafin gobe. Kada ka fesa fentin gida a ciki, fetur zai narkar da shi ya kai maka cikin inji.

Gargaɗi babba: kada ka kai jarkar da ta taɓa cin fetur wajen mai walda. Wofi ta fi cikakkiya haɗari, tururin da ya rage a ciki shi ne yake fashewa, kuma masu walda da dama sun rasa ido da hannu a irin wannan. Wadda ta huje ta gama aikin mai, a mayar da ita wurin ajiye spana.

Robar murfi kuwa ko ta yi maka kyau a ido canza ta. Tsohuwa ta bushe ta ƙandare, za ka ga ta tsattsage in ka lanƙwasa. Ciro ta da sukundireba, goge wurin, danna sabuwa ta zauna daidai. In baka samu ta asali ba, je wajen masu sayar da kayan injin gas ka nemi fallen roba mai jure mai, ka ɗora tsohuwar a kai ka yanka. Tiyub ɗin taya yana fitar da mutum kunya na kwana ɗaya ko biyu, amma fetur na kumbura shi ya yi laushi, kada ka dogara da shi a doguwar tafiya.

5. Gwajin yoyo

Rufe ta wofi da sassafe lokacin da gari ke da sanyi, ka ajiye ta a rana. Zuwa hantsi iskar ciki ta buɗe, sai ka shafa kumfar omo a bakin murfi da layin walda da gindi. Inda ka ga kumfa na tasowa, nan ne. In ka buɗe ka ji ta yi “fuss”, alama ce mai kyau, tana riƙe iska. Gwaji na biyu, zuba mai lita biyu, rufe, kifa ta a kan busasshen kwali minti goma, sannan ka kwantar da ita ta kowane gefe. Ko ɗigo ɗaya ka gani kada ka ce ai kaɗan ne, a gargada ɗigon nan zai zama jiƙa.

6. Canza mata fenti

Wannan shawara ce ta halin da muke ciki. Koren soja a bayan motar farar hula yana jawo tambayoyi a shingen jami'an tsaro, musamman a yankunan da ake fama da 'yan bindiga, inda kai mai daji babban laifi ne. Ka goge ta da sanfefa, shafa jan fentin tsatsa, sannan ka yi mata launi: ja ta fetur, rawaya ta gas, ka kuma rubuta da manyan baƙaƙe a gefe biyu. Yana hana kuskuren zuba fetur a motar gas da dare, wanda yake faruwa fiye da yadda kake zato idan an gaji. Fenti mai haske kuma baya jan zafi kamar mai duhu. Rasit ɗin sayen jarkar da na man ka riƙe su a mota.

Ka kuma tambayi dokar inda za ka bi kafin ka tashi. A 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina sun hana sayar da mai a jarka saboda matsalar tsaro, a 2019 kuma kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyakar Najeriya. Irin waɗannan dokoki suna zuwa suna tafiya, direbobin tasha su suka fi kowa sanin wadda ke aiki yau. Tsallaka iyaka da jarkoki cike kuwa ana iya ɗaukarsa fasa-ƙwauri, ka nemi bayani tun kana gida.

7. Cikawa

Sauke jarkar ƙasa, a kan ƙasa, ba a bayan Hilux ba kuma ba a cikin but ba. Wutar nan da take ɗan jan ka in ka taɓa ƙofar mota lokacin hunturu, ita ce take taruwa idan mai na gudu, kuma tartsatsinta ya isa ya kunna fetur. In jarkar na ƙasa wutar na bi ta wuce. Kan famfon ya taɓa bakin jarkar har a gama. Kashe mota, babu sigari kusa.

Lita 20 ka ce a zuba, a tsaya a nan. Za ka ga kamar da sauran wuri a sama wajen ƙusumbin da ke bayan hannu, sai mai zubawa ya ce a karkata a ƙara. Kada ka yarda. Wurin iska ne aka bari da gangan, domin fetur na ƙaruwa wajen kashi 1 cikin 100 duk lokacin da zafi ya hau da digiri 10, wanda ka saya da asuba ba shi ne za ka tarar da azahar ba. In dole ta sa ka saya wajen 'yan bumburutu, ka tace da ƙyalle, ka zuba kaɗan a kwalba ka ɗaga ka gani ko ruwa ya kwanta a ƙasa.

8. Ɗaurawa a mota

Fetur baya shiga inda mutane suke zaune, ko da murfin sabo ne. Tururinsa na sa ciwon kai da jiri, ga haɗarin wuta. A bayan a-kori-kura ka jera su a tsaye can gaba jikin kai, murfi a sama, nesa da salansa da batir da wayoyi. Ka shimfiɗa tiyub ko kafet a ƙasa, ka sa wani tsakanin jarka da jarka, saboda ƙarfe na gugar ƙarfe a gargada yini ɗaya ya isa ya cinye fenti ya fara cin jiki. Bel ya bi ta cikin hannayen, ka ja har sai ka girgiza jarkar motar ta motsa tare da ita. Igiyar roba da ake ɗaure kaya a babur ba ta riƙe kilo 20.

In sai a kariyar saman mota, ka duba nauyin da littafin motarka ya yarda a ɗora a sama, ka rage adadi iya yadda za ka iya. Nauyi a sama shi ke kifar da mota a gefen tudun yashi. Na saman su za ka fara juyewa a tanki da zarar wuri ya samu, kada ka jira sai allura ta kwanta. In da hali ka rufa musu tamfol mai haske wanda iska ke shiga ta ƙarƙashi. Bayan awa ɗaya da tashi ka tsaya ka sake jan bel, kullum sai ka samu ya saki, ka kuma shinshina.

9. Buɗewa da zubawa a daji

Nan ne mutane suka fi jin ciwo. Jarkar da ta sha rana ta sha girgiza cike take da iska mai ƙarfi, in ka fizge murfin fetur na iya yin tsiri ya wanke maka fuska da riga. Sauke ta, ajiye a inuwar mota ta huce kamar minti goma sha biyar, in da ruwan da ba na sha ba ka jiƙa tsumma ka ɗora mata. Ka ɗan karkata ta baya yadda bakin zai zama shi ne can sama, juya bakin ya kalli nesa da kai, tafin hannu ɗaya a kan murfin, ka ɗaga maƙallin a hankali har ka ji iska ta fara fita. Ka bari ta gama sannan ka buɗe duka. Shi ya sa na fi son zuba mai da sassafe ko bayan la'asar.

Goge ƙurar bakin kafin ka buɗe, ba bayan ka buɗe ba. Ka juya wa iska baya don yashi kada ya shiga tanki. Maƙala bututu, ɗaga jarkar ka zuba, bakin bututun iskar nan yana sama. In babu bututu, ɗora jarkar a wuri mafi tsayi da tanki ka ja da tiyo, amma ba da baki ba, fetur in ya shiga huhu yana kwantar da mutum asibiti, kuma asibiti ya yi nisa a inda kake. Akwai tiyo mai ƙwallo a kai da ake girgizawa ya ja da kansa, yana da araha, nemi shi. In shi ma babu, zura tiyon ka toshe bakin jarkar da tsumma ka hura iska ta wani ɗan guntun tiyo na biyu, man zai taso. Tsohuwar jarka kada ka juye ta ƙaf, bar ɗan na gindin kamar rabin kofi, nan datti yake. Murhun shayi kuwa a kashe shi ko a matsa da shi can nesa ta inda iska ba za ta kai masa tururi ba, don tururin fetur ƙasa-ƙasa yake bi.

10. Bayan an dawo

Man da ya rage ka juye a tankin mota ka yi amfani da shi, fetur in ya daɗe a zafin nan namu yana lalacewa cikin 'yan watanni. Jarkar ka zagaya cikinta da ɗan gas, rufe, ajiye a inuwa a kan katako ba a kan siminti mai danshi ba, kuma ba a ɗakin kwana ko kusa da kicin ko janareta ba. Inda fenti ya goge ka taɓa shi kafin damina. Kafin tafiya ta gaba ka sake haska tocila a ciki, ka lanƙwasa robar murfi ka gani, ka maimaita gwajin kwalin nan, sannan ka sa robar murfi guda biyu a aljihun gaban mota.